Herminia da Ambulan Mai Lamba 214

Idan ka taɓa cin tamal, alalen masarar nan namu, a ɗakin ƙasan cocinmu bayan sujadar Lahadi, to girkin Herminia Tapia ka ci, ko ka san sunanta ko ba ka sani ba. Yawancin masu ci ba su sani ba. Shekara goma sha shida tana ciyar da su, amma da za ka tare ɗaya daga cikin masu ɗaura taye ka ce ya nuna maka mai girkin, matar da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa zai nuna maka. Ni ce matar. Sunana Petra, ana ce mini Doña Petra don girmamawa, kuma abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

Daga wani ƙauye a Zacatecas ta zo nan Kansas, ita da mijinta Lázaro, a shekarar da mayanka ke ɗaukar duk wanda ya iya riƙe wuƙa. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ba ta maimaitawa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana raba nama da ƙashi cikin sanyin nan mai shiga ɓargo, har yatsunta biyu na dama suka ƙandare. Da suka ga hannun ya rage sauri sai suka gode mata, suka ba ta agogon bango. Ta koma share ɗakuna a masaukin baƙi na bakin babban titi. Ɓari uku ta yi kafin ta samu Nayeli, tana da shekara arba'in da ɗaya. Yarinyar na aji biyu ciwon ƙoda ya tafi da Lázaro.

Makarantar cocinmu ƙarama ce, aji ɗaya zuwa takwas, tana manne da bangon cocin. Lázaro ne ya yi wa azuzuwan fenti har sau biyu, bai karɓi ko sisi ba. Yana kan tsani yake cewa a nan 'yarsa za ta gama. Ba don son gayu ba. Babbar makarantar Katolika da ke birni tana ɗaukar yara biyu kyauta duk shekara daga cikin waɗanda suka gama aji takwas a wurinmu, a wurinmu kaɗai. Nayeli kuwa tun tana aji uku babu wanda ya shiga gabanta. Kowa ya san ɗaya daga kujerun nan biyu tata ce, ta dai kai ƙarshe.

Sai kuma Ofelia. Herminia ce ta tsince ta a tashar mota da jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan'uwa wanda bai ɗauka ba. Wata huɗu ta kwana a falon Herminia. Ita ta samo mata aiki a mayanka, ita ta koya mata yadda ake naɗe yatsu kafin a sa safar ƙarfe. Da aka haifi Nayeli, Ofelia ce ta riƙe ta wajen baftisma, tun ranar suke kiran juna komadre. A wurinmu wannan ba ƙawance ba ne. 'Yar'uwarka ta jini kana iya yin shekara ba ka gaishe ta ba, amma wadda ta riƙe maka ɗa a gaban Allah ba ka tsallake ƙofarta. Ofelia tana da kai, wannan ba zan hana mata ba. Ta koyi Turanci, ta bar layin wuƙa ta koma ofis, ta auri Ramiro mai shagon taya, wanda ke zagayawa da kwandon baiko, na karɓar sadaka, a coci. Daga baya aka sa ta a kwamitin makaranta don a ce akwai tamu a ciki.

Duk Lahadi ƙarfe huɗu da rabi na asuba Herminia ke buɗe kicin ɗin ƙasa, mabuɗin yana rataye a wuyanta tare da gicciye. Tamal ɗari uku, kowanne naɗe a ɓawon masara, da tukunya biyu na kunun masara mai kirfa. Abin da aka sayar kaf asusun makaranta yake shiga. Sujada kuwa daga matakala take jinta. Akwai wata ƙaramar ƙofa a gefen bagadi, sai ta ɗan buɗe ta, ta tsaya a mataki na uku da rigar girki a jikinta, kunne ɗaya wajen Fada mai jan sujada, ɗaya wajen tukunya. Lokacin karɓar jibi, wato gurasar tsarki, ta goge hannu, ta bi ƙarshen layi, ta dawo kafin kunu ya kama. Kwandon baiko ba ya sauka matakala. Ko da yana sauka ma ba za ta sa ba. Nata baikon dala biyar ce a nannaɗe, tana zura ta a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin siffar Uwargida Maryamu, sai ta waiwaya ta ga babu mai kallo. Haka uwarta ta koya mata, haka tawa ta koya mini: abin da ka ba Allah da sunanka a jiki ciniki ne.

Da tsohon Fadanmu ya yi ritaya aka kawo mana Fada Kessler, dogo, mai tsabta, mai son lissafi ya fito daidai. Zan yi masa adalci. Rufin makaranta yana zuba, ga wasu mutane daga garuruwan kusa suna kawo 'ya'yansu a kuɗin 'yan coci alhali ba su san inda ƙofar cocin take kallo ba. Sai shi da kwamiti suka yanke: kuɗin makaranta zai zama iri biyu. Masu zuwa sujada dala dubu biyu da ɗari huɗu, marasa zuwa dubu biyar da ɗari. Yadda za a gane mai zuwa kuma, an ba kowane gida kwalin ambulan mai lamba. Ka jefa ɗaya a kwando Lahadi uku cikin huɗu, ko da babu komai a ciki. A ƙarshen sujada aka yi sanarwar, lokacin da Herminia ke can ƙasa tana sauke tukunya.

Ni na same ta da maganar.

"Herminia, kin ga takardar nan kuwa?"

"Na gani. Nayeli ta karanta mini. An ce masu zuwa coci. To ni ina nake zuwa, gidan rawa?"

"Ba zuwa suka ce ba, ambulan suka ce."

"Haba Doña Petra. In ba Allah dala biyar, in kuma rubuta masa lamba don kar ya manta wa ya ba shi? Ke da bakinki?"

"Allah ba ya mantuwa, amma ba shi ke zaune a kwamiti ba."

Ta yi dariya, ta miƙo mini tamal mai zafi ta ce in toshe bakina da shi. Amma maganar ta ɗan shige ta, don da Ofelia ta sauko ɗaukar farantin Fada, kamar yadda take yi duk mako, Herminia ta tambaye ta. Ina tsaye.

"Ke kuma, komadre?" in ji Ofelia. "Wannan ai don mutanen can ne masu manyan motoci. Ke da kike buɗe cocin? Ina cikin kwamitin, ki bar wannan a hannuna."

Shi ke nan. Herminia ta kai kwalin gida. Ta ga ambulan ɗin ƙanana ne masu kyau, suna da gam, sai ta mayar da su na ajiyar irin barkono. Ta shanya, ta ƙulla, ta rarraba wa maƙwabta. Rabin lambunan unguwarmu a shekarar daga lamba 214 suka tsiro.

Mu sauran kuwa mun gane kan abin tun mako na biyu. Wanda ke da aikin Lahadi a mayanka, da wanda ya kwana biki, da wanda kawai barci ya fi masa daɗi, sai ya ajiye ambulan ɗinsa a shagon Ramiro ranar Asabar. Ramiro ya shimfiɗa su a gindin kwando kafin ya fara zagaye. Gida goma sha tara. Wasu suna ba shi giya, wasu godiya kawai. Har da gidan ɗana Eusebio mai 'ya'ya uku a makarantar, wanda rabonsa da durƙuso a coci tun ranar aurensa. Ni da hannuna nake kai ambulan ɗinsa. Na faɗa ne don kar a ce na wanke kaina.

A watan Mayu takarda ta zo. An ƙirga, lamba 214 ba ta faɗa kwando ko sau ɗaya ba. Gidan Tapia ba masu zuwa sujada ba ne. Kuɗin Nayeli na aji takwas, ajin ƙarshe, dubu biyar da ɗari.

Herminia ba ta ma tsorata ba. Ta ce kuskure ne, komadre za ta gyara. Aka ba ta ranar Talata da yamma ta bayyana gaban kwamiti. Ta sa baƙar rigar da ta sa ranar jana'izar Lázaro, don ita ce mai kyau, ta ce in raka ta a matsayin shaida.

Mutum biyar ne a teburi. Fada a tsakiya, Ofelia a gefensa don ita za ta yi tafinta. Turancina na kasuwa ne, amma shekara talatin ina karɓar kuɗi da shi, babu wanda ya taɓa cuta ta. Na ji komai.

Fada ya dubi Herminia da fara'a, ya tambaya ko a wannan cocin take.

Shekara biyu yana cin girkinta duk Lahadi. Bai taɓa sauka ƙasa ba, Ofelia ke kai masa sama. A layin jibi kuma wa yake duban fuskar mace ta ƙarshe mai rigar girki?

Herminia ta ɗaga hannuwanta biyu. "Komadre, ki ce masa ya shinshina. Ki ce masa ƙarfe huɗu da rabi nake zuwa. Ki ce masa fentin da ke bayansa mijina ya shafa."

Ofelia ta juya ta ce da Turanci: "Ta ce takan taimaka da abinci."

Wani mai gilashi, likitan haƙori, ya ce taimako abu ne mai kyau amma ba sujada ba ne. Sannan ya ƙara da maganar da ta kashe mu. Ya ce in za a yarda cewa mutum yana iya zuwa ambulan ɗinsa bai zo ba, to dole a tambaya ko akwai ambulan da ke zuwa mai shi bai zo ba. Ya ce shi dama ya lura kwando ya fi benci cika. In haka ne a yi watsi da tsarin ambulan, a binciki na bara, a sa mutum a ƙofa kowa ya sa hannu.

Na dubi Ofelia. Wuyanta ya yi ja.

Fada ya ce ba sai an kai nan ba. Ya ce shaidar ɗan kwamiti ɗaya ta ishe shi. Ya juya ga Ofelia. "Kin san matar nan. Kina ganinta a sujada ranar Lahadi?"

Kalma ɗaya ake nema. Ofelia ta gyara takardun gabanta, ta daidaita bakinsu, ta ce: "Gaskiya, Fada, ban taɓa ganinta zaune a benci ba."

Herminia ba ta jin Turanci sosai, amma ta san fuskar matar da ta kwana wata huɗu a falonta.

Ni kuwa jinina ya hau. Duk garin nan an san bakina, na taɓa sa manajan mayanka ya ba ni haƙuri a gaban mutane. Na miƙe, na buɗe baki. Sai Ofelia ta ɗago, ta ce da harshenmu, a hankali, kamar mai tambayar lafiya:

"Doña Petra, lambar Eusebio tamanin da bakwai ce ko? Yara uku?"

Na zauna.

Fada ya tambaya ko ina da abin faɗi. Na ce ƙafata ce ta yi sanyi.

A wajen ajiye motoci Ofelia ta biyo mu da gudu, takalminta yana ƙwas-ƙwas.

"Komadre, tsaya ki ji. Gida goma sha tara ne. Ga Ramiro, sai su kore shi daga kwando, kowa ya ji. Ke gida ɗaya ce. Ki fara sa ambulan ɗin yanzu, baɗi sai a mayar da ke."

"Baɗi Nayeli ta gama," in ji Herminia.

"To bari in ba ki ɗari biyu ki fara da shi. Ni ma ai 'yata ce."

"Ki riƙe. Ki sayi taya." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ofelia, kin tuna bargon nan mai ruwan ƙasa?"

"Wane bargo?"

"Wanda kika rufa wata huɗu. Namu ne ni da Lázaro. Da rigunan sanyi muka riƙa kwana." "Kar ki ƙara kirana da sunan nan."

Muka shiga motar Herminia. Ta sauke ni a ƙofar gida, ta ce in gaida Eusebio.

Duk bazarar nan ta ci gaba da girki, wannan ne abin da har yau nake kasa haɗiyewa. Tana ganin ko wani zai sauko ya ce an sake shawara. Ta roƙi ƙarin ɗakunan sharewa a masauki aka ba ta huɗu. Ta sayar da injin ɗinkinta da akwatin kayan aikin Lázaro. Abin da ta haɗa bai kai rabin bambancin ba, makaranta kuma ta ce sai an biya kashi na farko kafin Agusta ko a ba wani kujerar Nayeli ta aji takwas, don akwai masu jira. Aka ba wani. Ranar Litinin ta uku a watan Agusta Nayeli ta hau motar makarantar gwamnati, tana riƙe da jakarta a ƙirji, ba ta waiwayo ba.

Lahadin da ta biyo na zo da akwatin canjina na tarar da kicin a kulle. Babu ƙamshi, babu tururi a tagar ƙasa. Na hau sama. Ga Herminia a benci na uku daga baya, cikin baƙar riga, gashinta a gyare, hannuwa a cinya. Shekara goma sha shida, ranar ta fara jin wa'azi a zaune. Mutane suna ta leƙenta kamar baƙuwa. Wata ma ta miƙa mata littafin waƙa ta ce barka da zuwa.

Da Ramiro ya iso layinta da kwando sai ya so ya wuce. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta ciro ambulan mai lamba 214, a liƙe, ta sake shi daga sama. Ya faɗa da nauyi, ya yi ƙara a kan tsabar kuɗi. Mabuɗin kicin ne.

Bayan sujada mutum kusan ɗari biyu suka sauka ƙasa kamar kullum, suka tsaya cirko-cirko gaban ƙofa. Fada Kessler ya sauko, karon farko da ƙafarsa ta taka matakalar. Ya tambaye ni ina mai girki.

Na ce, "Ka kore ta a watan Mayu, Fada. Ba ta zuwa coci."

Kowa ya yi ta yaba mini wannan magana, har yau ana maimaita ta. Maganar banza ce. Ranar Talatar can ake bukatarta.

Ya je gidanta da kansa, wannan ma zan ba shi. Ya zauna a falon nan, ya sha ruwa, ya ba da haƙuri. Ya ce da ya sani. Amma ajin ya cika, iyayen wancan yaron sun biya, kuma in ya karya doka don mutum ɗaya sai ya buɗe ta don kowa. Herminia ta ce ta gane. Ba ta ambaci Ramiro ba, ba ta ambaci gida goma sha tara ba. Da ta yi, jikokina uku suna cikin waɗanda za su bi Nayeli. Ta sani sarai.

Yanzu shekara tara ke nan. Jikokina duk sun gama a can. Kujerun birni biyu na shekarar wasu yara suka samu, ban riƙe sunansu ba. Nayeli ta gama makarantar gwamnati, tana aiki a kantin magani, tana karatu da yamma kaɗan-kaɗan. Yarinya ce mai ladabi, in na je karɓar maganin hawan jini takan karanta mini abin da ke jikin kwalba har sau biyu. Amma ba ta ƙara shiga cocin ba, ko ranar Kirsimeti. Takan kawo uwarta, ta jira a mota. Herminia ta taɓa ce mini, sau ɗaya tak, wannan ya fi makarantar yi mata ciwo.

Ofelia tana nan a kwamiti, ita ce ma shugaba. Bayan sujada yanzu biredi mai sukari ake sayarwa, na kanti, a kwali. Ni ke karɓar kuɗin.

Herminia tana zuwa duk Lahadi, benci na uku daga baya. In kwando ya zo sai ta miƙa wa na gefenta. Har yanzu cocin yana aiko mata da sabon kwalin ambulan kowace Janairu, don babu wanda ya cire lambarta. Duk farkon shuka sai ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Doña Petra, ga naki," ta sa mini ɗaya a hannu cike da irin barkono. Ba ta taɓa tambayata yaya ƙafar nan da ta yi sanyi ba. Ina karɓa, ina shukawa a bayan gida, suna yin 'ya'ya sosai. Da ma a ce zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.